Gabara da ciyawar lu'ulu'u: wacce za ta zauna lafiya a gidan Kano?

Assalamu alaikum masu sha'awar shuke-shuke.

Akwai tsirrai biyu da hotunansu ke yawo a shafukan masu lambu na ƙasashen waje, kuma sau da yawa tare ake jera su don dukansu masoya ruwa ne. Ta farko doguwar ciyawa ce mai gaɓoɓi kamar rake, wadda kan wuce tsawon katanga ta yi tuta a ka. Ita ce gabara, wasu su ce macara, masana tsirrai kuma suna kiran ta Arundo donax. Ta biyu 'yar ciyawa ce mai taushin jiki, furenta ruwan lemo da ɗigo-ɗigo ja, yana reto a siririn sili kamar ɗan kunnen amarya. Ba ta da sunan Hausa domin ba tamu ba ce. Sunan da mutanen Amurka suka ba ta yana nufin ciyawar lu'ulu'u, da shi zan riƙa kiran ta. A wurin masana kuwa Impatiens capensis ce.

Son ruwa kaɗai ya haɗa su. Bayan wannan, hanyar jirgi daban ta mota daban. Magidanci a birnin Kano, inda ruwan sama ke zuba daga Yuni zuwa Satumba, sauran watanni kuma sai rijiya ko burtsatse ko ɗan garuwa, abu biyu ya kamata ya auna kafin ya kawo tsiro gida: wahalar da zai sha kafin ya kama, da wahalar da zai sha ran da ya so rabuwa da shi. A wannan ma'auni gabara sauƙin shiga gare ta da wuyar fita. Ciyawar lu'ulu'u kuwa shigar ce ma ke gagara.

Bari in fara da ita don maganarta gajeriya ce. Gidanta dazuzzukan Amurka da Kanada ne, a bakin ƙoramu da fadamun da ke ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, inda ƙasa ba ta bushewa. Shekara ɗaya take yi a duniya: ta tsiro bayan ƙanƙara ta narke, ta kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta yi fure ta zubar da iri, sanyin farko ya kashe ta. Karanta ruwa ne zalla, in ka matse shi da yatsa biyu sai ya fashe. Ganyenta ba ya jiƙa. Raɓa kan taru a kansa dunƙule-dunƙule tana ƙyalli, in kuma ka nutsa ganyen a kwanon ruwa sai ka ga ya koma kamar azurfa. Furen yana da 'yar wutsiya lanƙwasasshiya a baya inda zuma take, wani ɗan tsuntsu mai dogon baki irin sha-kaucinmu shi ke zuwa ya sha. Abin sha'awa ce, babu ja.

Kalmar capensis da ke sunanta tana ruɗar mutane, domin tana nuni ga yankin Kef na Afirka ta Kudu. Kuskure ne aka yi tun ƙarni na 18: wanda ya raɗa sunan ya zaci daga can aka kawo ta, sunan kuma ya bi ta. Kada wani ya sayar maka da irinta a kan cewa tsiron Afirka ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin. Ƙwayar ba ta farkawa sai ta kwanta cikin sanyi mai laima, wajen digiri 4 zuwa 5, na kusan wata huɗu, kuma in ta bushe ƙarau kafin nan yawancinta mutuwa take. Hunturunmu ko a Janairu yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 14 da dare, ga shi busasshe. Wanda ya dage zai iya zuba irin cikin yashi mai damshi a leda ya sa a firji, amma sai firjin da wuta ba ta yanke masa wata huɗu cur. Irin da aka yi oda daga waje ma ya riga ya bushe a hanya. In Allah ya sa ta tsiro, bazara na jiran ta da zafin digiri 40, in kuma ta tsallake ta yi iri, ƙwayar da ta faɗi a ƙasarmu ba za ta sami sanyin da zai tashe ta baɗi ba. Shuka ce a idon makwarwa, kuɗin kuma ya fi amfani a wani wurin.

Wurin shi ne ɗan'uwanta balsam, Impatiens balsamina. Dangi ɗaya ne, kara iri ɗaya mai ruwa, kwanson iri mai fashewa iri ɗaya, sai dai shi asalinsa Indiya da Myanmar, ƙasashen da ke da damina mai zafi da laima irin tamu. Irinsa ba ya bukatar sanyi, kuma ana ajiye shi busasshe. Tsawonsa daga santimita 20 zuwa 75, furensa ja, fari, ruwan hoda ko shunayya, wani mai falle ɗaya wani mai ninki kamar fulawar wardi, kuma yana fitowa ne a hammatar ganye manne da kara.

Lokacin shukarsa shi ne sa'ad da damina ta zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli. A haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin shanu kashi ɗaya, yashi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Takin sai wanda ya shekara, ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma jawo gara. A zuba haɗin a faffaɗan kasko ko tsohon baho da aka huda ƙasansa, a yayyafa irin, a rufe da ƙasa kaɗan wadda ba ta fi kaurin ƙwayar ba, a jiƙa da tafin hannu a hankali. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fito. Babbar asarar da ake yi a wannan mataki ita ce ka wayi gari ka tarar 'yan tsiron sun kwanta, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi kamar an murɗe shi. Ciwon ruɓewar gindi ne, kuma abu uku ke kawo shi: cunkoso, ruwan da ba ya tsiyayewa, da wurin da iska ba ta ratsawa. A rage yawan iri, a ɗora kaskon a kan bulo, a bar saman ƙasar ya sha iska kafin a sake ban ruwa.

In sun yi ganye huɗu na gaske, sai a dasa da yamma, tazarar santimita 25 zuwa 30, ko ɗaya a kowace tukunya mai faɗin santimita 25. In ya kai tsawon taƙi, a tsinke kan da farce. Wanda aka tsinke zai yi rassa uku ko huɗu ya cika, wanda aka bari zai tashi sanda ɗaya ya faɗi da iskar farko. Daga shuka zuwa fure wajen mako takwas zuwa goma ne, ke nan wanda ya shuka a ƙarshen Yuni zai ga fure a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba.

Wuri ya fi komai muhimmanci. Balsam yana son ranar safe da inuwar yamma, don haka gindin katangar da ke kallon gabas ya fi dacewa, ko gefen inuwar darbejiya ko mangwaro inda haske ke ratsowa. Inuwa mai duhu tana sa shi dogon wuya babu fure. Sannan a ɗaga kai a duba indararo. Karansa gautsi gare shi, ruwan Agusta in ya zubo daga rufi a kansa, kafin a idar da sallar la'asar ya karairaya shi. A kuma kare shi daga kaji, don suna tone gindinsa neman sanyi.

Wajen ban ruwa akwai abin da ke yaudarar mutane. Da tsakar rana yakan yi laushi ya sunkuya ko da ƙasarsa a jiƙe take, saboda ganyen na fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke janyowa. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da damshi a ƙyale shi, da magariba zai miƙe. In an ci gaba da ƙara masa ruwa a wannan hali, saiwar ce za ta ruɓe. Wanda kuma ya ƙi miƙewa har asuba alhali ƙasa na da ruwa, a tuge shi a duba: in saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar ƙasar nan ce da ke damun tumatir da kuɓewa a jigawa. Babu magani ga wanda ya kamu, sai a ƙone shi a canja ƙasar, kuma kada a ɗebo ƙasar tukunya daga inda aka taɓa yin tumatir. Ruwan alwala ya dace da shi ƙwarai. Ruwan wanki mai omo kuwa yana ƙona masa bakin ganye cikin kwanaki. Takin zamani kaɗan ya ishe shi: ƙaramin cokali ɗaya na NPK 15-15-15 a narka a ruwa lita biyar, duk bayan mako uku. In aka cika masa taki, musamman yuriya, ganye zai yi yawa ya lulluɓe furen.

In damina ta ja baya iska ta fara bushewa, za a ga ganye na yin fari-fari kamar an barbaɗa gari, ko ya yi ɗigon rawaya da siririyar yana a ƙasansa. Na farko cutar farin ganye ce, na biyu wasu ƙananan ƙwari ne masu kama da gizo-gizo. A wannan lokacin ba ya cancanci kuɗin feshi, ajalinsa ne ya zo. Abin yi shi ne tara iri. Kwansonsa mai gashi-gashi ne, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. In ya fara rawaya sai a rufe shi a cikin tafin hannu tukuna a matsa kaɗan. Za ka ji ya yi tsalle a hannunka kamar ƙwaro, in ka buɗe ka ga ɓawon ya nannaɗe gida biyar, ƙwayoyin masu ruwan ƙasa sun zube a tafinka. In ka taɓa shi da yatsa kawai, sun watse ke nan. A shanya su a inuwa mako ɗaya, a zuba a ambulan takarda a rubuta launi, kada a sa a leda.

Uwargida kuma ga wata fa'ida. Sinadarin nan da ke sa lallenmu kamawa akwai shi a jikin balsam, shi ya sa 'yan mata a Koriya da Sin suka daɗe suna daka furensa da ganyensa da ɗan alif, su ɗaure a farce ya kwana, ya ba da ruwan lemo. Bai kai lalle duhu ba. Ba a cin sa, a hana yara kai shi baki.

To, mu koma ga gabara, wadda ita ce mai bukatar dogon nazari.

Wannan ciyawa mutane sun shafe dubban shekaru suna noma ta a kewayen Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya. Da ita ake yin sarewar da Larabawa da Turkawa ke kira nai, kuma daga yankin Var na kudancin Faransa ake samun mafi shaharar karan da ake fere 'yan harsunan kayan busa na Turawa. Tana kai mita shida, a wuri mai daɗi ta wuce haka. Kaurin kara santimita biyu zuwa uku, cikinsa rami ne tsakanin gaɓa da gaɓa. Ganyen yana kai santimita 30 zuwa 60, shuɗi-shuɗi kamar na dawa, bakinsa da kaifi. In ta samu ruwa da zafi tana iya ƙara santimita biyar a yini guda. Tana jure gishiri-gishiri da ruwan wanka da na wanki, tana jure ƙasar laka da ta yashi, in ta kafu kuma fari ba ya kashe ta, sai dai ta tsaya ta jira ruwa. Ga mai neman abin da zai tare masa idon bene na maƙwabta, ko ya rage ƙurar hunturu, ko ya shanye ruwan da ke kwanciya a bayan makewayi, da wuya a sami abin da ya kai ta sauri.

Tutar da take fitarwa a ka ba ta da iri mai tsirowa. Duk yaɗuwarta ta ƙarƙashin ƙasa ce da kuma gaɓoɓin kara. In ka tone gindinta za ka tarar da wani abu kamar citta amma mai kaurin damtse, mai tauri kamar icce, ya sarƙe da juna ya yi faifai, kowane ƙulli da idonsa mai tsini yana jiran ya huda ƙasa. Jijiyoyin da ke sauka daga wannan faifai suna kai mita guda. Guntun da bai fi tsawon yatsa ba, muddin yana da ido, sabuwar gabara ce. Haka karan da ya kwanta a ƙasa mai damshi, kowace gaɓa za ta yi saiwa.

Wannan hali ya sa ta zama annoba inda aka sake ta. An kai ta yankin Los Anjeles na Kaliforniya a shekarun 1820 don tare zaizayar magudanan ruwa da kuma yin rufi. Yau ta mamaye bakin koguna a can da bakin kogin Riyo Girande a Tekzas, tana shanye ruwa, tana korar itatuwan asali, tana ɗaukar gobara, ambaliya kuma na kakkarya ta tana dasa ta a gaba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna in sun shiga ƙasar da ba tasu ba. Mu ma ba sai an ba mu labari ba. Duk wanda ya san yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki a fadamar Haɗejiya da Nguru, bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canja yadda ruwa ke tafiya, ya san abin da doguwar ciyawar ruwa ke iya yi. Saboda haka ina roƙon duk wanda zai shuka gabara, kada ya kai ta bakin Jakara, ko kududdufin unguwa, ko hanyar ruwan noman rani.

A gidan birni kuwa hukuncina ɗaya ne: kada ta taɓa ƙasar gida. Filayenmu ƙanana ne, katanga ɗaya ta raba ka da maƙwabci, tushen katangar kuma ba shi da zurfi. Cikin shekara biyu zuwa uku za ta ɗaga daɓe, ta bi danshi zuwa tsagar sokawe da bututun ruwa, ta ratsa ƙarƙashin katanga ta ɓullo a tsakar gidan wani. Haƙƙin maƙwabtaka ya fi ƙarfin kwalliya. A tsare ta a kwami ko a duro.

Kwamin a gina shi da bulo mai inci shida, faɗin ciki santimita 60, zurfi santimita 70, tsawo gwargwadon wurin da ake son tarewa. A zuba kankare a ƙasansa, a yi wa ciki filasta mai kyau musamman a kusurwoyi, domin ta nan tsinin ke samun hanya. Kada a mai da katangar gida ta zama bangon kwamin. A bar tazarar taku ɗaya aƙalla, don danshi kada ya ci katangar, don kuma a riƙa zagayawa ana dubawa. A sa bututun fitar ruwa mai inci ɗaya da rabi a ƙasa, duk mita guda bututu ɗaya, a rufe bakinsa na ciki da raga, bakinsa na waje kuma ya zuba a kan siminti inda ido ke gani. A shimfiɗa tsakuwa santimita 10, sannan ƙasa kashi uku da taki kashi ɗaya, a bar santimita 10 a sama babu ƙasa, domin tushen yakan hau ya tsallake baki in ya sami dama.

Mai ƙaramin wuri ya nemi duron ƙarfe mai lita 200 wanda ba a zuba guba a ciki ba. A cire murfin, a huda ƙasansa wuri shida zuwa takwas, a ɗora shi a kan bulo biyu yadda za a iya leƙa ƙarƙashi. Duk jijiyar da ta leƙo ta huda a yanke ta. Robar fenti da bahon roba ba sa riƙe ta, tsaga su take. A sa manyan duwatsu a gindin duron, a kuma ɗaura waya daga ƙusa zuwa ƙusa ta tallafi karan, saboda guguwar farkon damina tana kayar da duro mai kara mita huɗu a kansa.

Dashen kamar na rake ne. A sami guntun tushe mai tsawon santimita 10 zuwa 15 da ido biyu ko uku, a binne shi zurfin santimita 10, tazarar rabin mita a kwami, guda ɗaya ko biyu a duro. In kara aka samu, a zaɓi wanda ya shekara, a yanka gaɓa uku-uku, a kwantar da shi a rufe da ƙasa santimita biyar. Ɗanyen kara na bana yakan ruɓe kafin ya yi saiwa. Farkon Yuni ne lokacinsa. Masu sayar da furanni a bakin titi wani lokaci sukan kawo mai zanen fari a ganye. Ita ta fi dacewa da gida, don takan tsaya a mita biyu zuwa uku kuma ba ta kai koriyar zafin nama ba. Sai dai farin yakan ƙone a bakinsa da hunturu, kuma duk tofin da ya fito kore zalla a cire shi daga tushe, in ba haka ba shi zai rinjayi sauran.

Ruwa ne kuɗinta. Da damina babu ruwanka da ita. Daga Maris zuwa Mayu kuwa duro ɗaya mai cikakkiyar gabara zai sha jarka mai lita 25 duk kwana biyu, in karan sun yi yawa ma kullum. Wanda ke sayen ruwa a kura ya yi lissafi tun yanzu. Dabarar ita ce a karkato mata ruwan wanka da na wankin tufafi ta bututu, ban da ruwan da aka sa bilic mai yawa. Amma kada ruwa ya kwanta a saman kwami fiye da yini ɗaya, don sauro ba ya bukatar fiye da mako guda da 'yan kwanaki kafin ya ƙyanƙyashe ya tashi. In ganye ya naɗe kamar na masara, ƙishi ne. In sabon kara ya fara fitowa siriri gajere alhali ana ban ruwa, tushen ne ya cika wurin. Duk shekara biyu zuwa uku a sassare shi da gatari, a fitar da rabi, a cike gurbin da sabuwar ƙasa da taki.

Busasshen ganyenta makamashi ne. Daga Disamba zuwa Maris a riƙa zage shi daga jikin kara ana share gindin duk mako, kuma kada a kafa ta kusa da murhu, janareto ko wayar wuta. Sharar nan kuma ita ke hana ɓera da maciji samun maɓoya. A sa safar hannu da riga mai dogon hannu, don ganyen yana yanka. Awaki sukan ci sabon tofi, amma ba abincin kiwo ba ne da za a dogara da shi, yana da ɗaci da tauri.

Wanda ya riga ya yi kuskuren sa ta a ƙasa, aiki na gabansa. Sara kaɗai ƙara mata yawa yake, ƙonawa ma haka, domin wuta ba ta kai ga tushen kuma toka taki ce. Sai an sare karan, an sa diga an fitar da faifan nan gaba ɗaya, an tankaɗe ƙasar da raga don tsince guntaye. A shanya su a kan siminti ko kwanon rufi a ranar bazara har su bushe ƙayau, sannan a ƙone. Kada a zuba su a bola ko a lambatu, ruwan farko zai kai su inda za su kama. Inda tono ba ya yiwuwa, kamar jikin katanga, a yanke kara kusa da ƙasa a shafa maganin kashe ciyawa mai sinadarin gilaifoset da buroshi a kan yankan, cikin minti biyu zuwa uku kafin bakin ya bushe. Ya fi ci a Oktoba da Nuwamba, lokacin da take sauke abinci zuwa tushe. A bi umarnin da ke jikin kwalbar, a nisanta shi da rijiya da yara. Kuma a sa rai za ta sake leƙowa shekara biyu ko uku, duk tofin da ya fito a bi shi nan take. In duk wannan ya yi maka yawa kuma ruwan bayan gida kawai kake son a shanye, jema ta fi kwanciyar hankali, don a dunƙule take zama, jijiyarta ƙasa take yi ba gefe ba. In shinge kake so, lalle da zogale suna nan.

Ladan mai haƙuri da ita shi ne karan. A shekarar farko kara yakan tashi sambal babu reshe, jikinsa da sauran taushi. A ta biyu yakan fitar da ƙananan rassa a gaɓoɓin sama, ya yi rawaya ya taurare, shi ne na yanka. A yanke shi a Disamba ko Janairu da adda mai kaifi, dab da ƙasa kuma a saman gaɓa, don kada a bar ramin da ruwa zai zauna ko tsinin da zai soki ƙafa. A bar karan bana su ci gaba da tare ido. A zage ganye, a ɗaure goma-goma a wuri uku don kada su tanƙware, a jingine su tsaye a inuwa mai iska, a kan bulo saboda gara, mako shida zuwa takwas. Rana kai tsaye tana tsaga su. Kada a tara su a ɗaki mai danshi, domin funfunar da ke kama su tana sa ƙaiƙayi da ƙuraje ga mai ɗauka. Da su ake tokare tumatir, a yi wa wake da soso matakala, a rufa rumfa, a yi darni ko akurkin kaji. Wanda za a kafa a ƙasa a tabbatar ya bushe sarai, a kuma babbake gindinsa a wuta taƙi guda kafin a soka shi, saboda gara da kuma idon da zai iya farkawa in damina ta sauka.